Buhu Ɗari Huɗu da Goma Sha Ɗaya

Takardar gama makarantata tana akwatin Inna,
ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa sai da salla.
Wata biyar ke nan.
Ni kuwa ina ƙofar gida a Mai Wurno
ina ƙirga awakin maƙwabta,
safe su fita, yamma su dawo.
Su ma suna da wurin zuwa.

Sai Nilu ya kumbura.
Ya cinye gonar ayabar Baba Awad, ya lashi leɓe,
ya juyo yana leƙen masallacin gangare.
Bayan la'asar aka yi shela:
gobe gayya, nafir in ji Larabawa,
kowa da shebur, kowa da buhu.

Kowa.
Na kwana ina juya kalmar nan a baki.

Malama Mahasin ta taɓa ce mana a aji:
"In kun je, kada ku tsaya jiran a ba ku aiki.
Ku duba abin da ya zube ba mai ɗauka,
ku ce wannan namu ne.
Kuma ku riga mai shayi isa."

Mun riga shi.
Ni a kekena mai ƙafa uku, sarƙa tana kuka,
Ɗayyabu riƙe da bayan keken, sandarsa a hammata,
ni ne idonsa, shi ne ƙarfina cikin yashi.
Barira a gaba. Ba ta jin kiran kowa,
don haka ba ta jin "ku koma gida".

Shugaban gayya ya dube mu, ya dubi ƙafafuna,
ya zura hannu a aljihun jallabiya.
Na san hannun nan tun ina yaro.
Na ce, "Alhaji, mayar da shi.
Buhu nawa aka kawo?"
Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ba wanda ya sani.

To, ga abin da ya zube.

Na ɗora littafi a cinya, na ja layi:
na unguwar gabas, na kantin Rufa'i, waɗanda ɓera ya huda.
Ɗayyabu ya zauna a ƙasa yana ɗaure bakin buhu,
ƙulli biyu, ja ɗaya,
yatsunsa na gane ruɓaɓɓen zare tun bai tsinke ba.
Barira ta hau tudu da jan gyale:
sama, a kawo yashi; ƙasa, a dakata.
Ƙarar injin ban ruwa ta haɗiye muryar maza,
sai ga gari kaf ya koma yarenta.

Ban ce komai ya tafi daidai ba.
Wajen azahar na ɓatar da talatin a lissafi,
wani ya ce, "Ai da ma..." bai ƙarasa ba.
Na ce, "Kuskurena ne," na sake ƙirgawa da ƙarfi,
kunnuwana suna zafi.
Taya ta nutse a laka sau biyu.
Na farko na yi ta fama ni kaɗai, don girman kai.
Na biyu na kira sunan yaron da ke kusa.
Ashe neman hannu ma koyonsa ake yi.

Da magariba ruwa ya zo, ya shinshina buhunan,
ya tsaya.
Ɗari huɗu da goma sha ɗaya.
Gonar Baba Awad dai ta tafi, ba mu dawo da ita ba.

Aka kawo asida da miyar busasshiyar kuɓewa.
Barira na can tsakiyar mata, suna kwaikwayon gyalenta suna dariya.
Mu kuwa ba a ɗiba mana namu an kai gefe ba.
Hannu goma a kwano ɗaya, duk da laka a farce,
Alhaji yana cewa, baki cike,
"Kai mai littafi, gobe ƙarfe nawa?"

Inna ta same ni ina wanke sarƙar keke da kananzir.
Ta ce, "Ka ɓata rigar."
Ta ɗaga ta, ta daɗe tana duban lakar,
sannan ta rataye ta a ƙusar nan
inda Baba ke rataye tasa in ya dawo daga gona.